Bulon da Ba Ya Shan Ruwa

Tunda Maibulo yake sana'arsa bai taɓa ganin wanda ya sa safar hannu da tabarau don zai yi kwaɓi ba, sai ranar da autarsa ta tsaya a tsakiyar filinsa, ta ɗaure mayafi a ƙugu, tana tuttula wani ruwa mai yauƙi a kan tulin toka. Ya kifa baro ya zauna a kai, ya zuba mata ido. Leburorin da ta ɗauko haya su ma an zura musu safa har gwiwar hannu, suna juya yashi da tsakuwa da shebur suna satar kallon tsohon, don sun san dariya yake dannewa. Ya duba kwaɓin nan ciki da bai, ko cokali ɗaya na siminti babu.

Tokar kuwa ya san ta farin sani, kowa a garin ya san ta. A bayan gari akwai tashar lantarki mai ƙona kwal, tana tara tokarta tsibi-tsibi a jikin katanga, iska na ɗebowa tana raba wa mutane kyauta a kan shanya da cikin kwanon abinci. Shekara da shekaru ba a ambatonta sai da tsaki. Yau ga ta an kawo a buhu ana lallaɓawa kamar ƙwai.

Auta injiniya ce a wani kamfanin gine-gine, can a birnin da sai an kwana a hanya kafin a isa. A can ta yi karatu, a can ta yi aure, a can ta haifi 'yar da Maibulo bai sani ba sai a gilashin waya, har yarinyar na kiransa Kakan Cikin Waya. Yayyenta sun riga ta watsewa, kowa da inda abincinsa ya ja shi. Gidan da a da ba ka jin maganar kanka saboda hayaniyar yara, yanzu in cokali ya faɗi a ɗakin girki sai ka ji shi daga ƙofar waje. Maibulo ba ya cewa yana kewa, irinsu ba sa faɗa. Amma Inna, matarsa, ta sha kama shi tsaye a ƙofar ɗakin Auta, in ta tambaya ya ce rufi yake dubawa ko yana yoyo.

Tana kwaɓi tana yi masa bayani. Ta ce kowane buhun siminti da ya taɓa fasawa, sai da aka ƙona dutse a tanderu kafin a same shi, kuma hayaƙinsa yana can sama bai sauko ba. Ita wannan toka an riga an ƙona ta, a banza take zube. In aka haɗa ta da ruwan soda mai ƙuna, irin ta masu sabulu, da wani ruwa mai danƙo, sai ta kama yashi da tsakuwa ta zama kankare, ba tare da an sake hura wuta don dutse ko ɗaya ba. Maibulo ya ce hayaƙin sama bai san da shi ba, amma ƙurar siminti ta ƙasa ya san ta, tana nan a ƙirjinsa tana zaman haya. Tarin da ta bar masa ne ya sa ya sallami yaransa na aiki, filin ya koma wurin kiwon ciyawa.

Sai da aka zuba kwaɓin a akwatin bugu, bulo suka jeru layi-layi, sannan ta gaya masa abin da ya kawo ta. A can birni suna gasa irin wannan bulo a tanda kafin ya yi ƙarfi, tanda kuwa tana cin mai. Kamfani yana so ya gani ko zafin ranar garinsu, a tsakiyar bazara, zai yi aikin tandar. In bulon ya ci gwaji, a nan za su buɗe masana'anta, a cikin wannan filin, ita za ta riƙe ta, mijinta malamin makaranta ya yarda zai nemi canjin wurin aiki. In bai ci ba, manyan motoci za su riƙa kwashe tokar zuwa birni, ita ma ta ci gaba da zama inda take.

Maibulo ya gyara hula, ya ce to, Allah ya yi zaɓi mafi alheri. Ya tashi ya zagaya bayan rumfa kamar mai neman wani abu, ya tsaya can shi kaɗai bakinsa har kunne.

Da yamma suka lulluɓe bulon da baƙar leda, suka danne gefenta da duwatsu. Ragowar kwaɓin da bai kai cikakken bulo ba Auta ta zuba a wani tsohon gwangwani, ta ƙulle a leda, ta cilla kan tarin kwanon rufi da ke bayan rumfa. Ta cire safar hannu ta zo ta durƙusa kusa da baron da yake zaune.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. Kada a ba su ruwa."

"Yau kaɗai, ko har gobe?"

"Har in dawo. Wannan zafi yake ci. In ruwa ya taɓa shi yana ɗanye, zai wanke sodar da ke riƙe da shi, sai ya zama ƙasa kawai."

"Na ji," in ji shi.

Kuma ya ji ɗin, ya kuma gane, kada wani ya ce tsufa ne ya toshe masa kai. Washegari ya raka ta tasha, ya tsaya har motar ta sha kwana, ya dawo da niyyar ba abin da zai taɓa ledar nan, ko akuya ko ɗan'adam.

Sai dai wanda bai buga bulo ba ba zai san mene ne ban ruwa a wurin Maibulo ba. Da shi ya yi suna. Wasu masu bulon su buga yau, su watsa ruwa sau ɗaya don idon mutane, jibi su loda wa mai saye. Shi kuwa safe da yamma yake bi layi-layi da bokiti da gwangwani mai huji, yana shayar da su har sai sun ƙoshi. Shi ya sa ake jefo bulonsa daga kan mota ya dira ya tsaya ƙyam. Ya kori yaran aiki da yawa, ba wanda ya kora don sata, duk don sun bar bulo da ƙishirwa ne. Ko bayan ya bar aikin, jikinsa bai samu labari ba, da gari ya waye sai ƙafa ta kai shi bakin famfo, ya tsaya yana tunanin me ya zo yi.

Kwanakin farko ya daure. Yana zama a inuwar rumfa yana kallon ledar tana sheƙi, yana tsara inda za a yi ofishin Auta da inda motoci za su riƙa juyawa. Ya sa an nome ciyawar filin. Ya gyara ƙyauren da ya shekara a karkace. Inna ta ce ashe ƙusa da guduma suna nan a gidan, ita ta zaci an sace su tun tuni.

Bazarar bana kuwa ba ta zo da wasa ba. Wata azahar rana ta take har kwalta ta yi laushi, tsuntsaye suka yi tsit. Maibulo ya je ya tsuguna, ya zura hannu ƙarƙashin ledar don dai ya ji. Ya fizge shi da sauri. Bulon ya yi zau kamar goshin yaro mai zazzaɓi. Ya koma inuwa ya zauna, ya kasa zama. Duk abin da ya sani a duniya yana gaya masa cewa ɗanyen bulo a irin wannan zafi ƙonewa yake, ya tsattsage ta ciki, ranar gwaji ya ruguje. In ya ruguje kuwa, Auta ta tafi ke nan. Ya ce a ransa yarinyar nan a birni mai sanyi ta yi gwajinta, ba ta san wannan rana da girmanta ba. Ya ƙara da cewa wataƙila ma tausayinsa ta ji, ba ta so ya ɗauki bokiti da tari. Mutum in yana son yin abu, dalili ba ya yi masa wuya.

Da la'asar sakaliya ya ɗage gefen ledar ya yayyafa musu kaɗan. Ruwan ya yi cuu, tururi ya tashi, bulon ya shanye nan take. Maibulo ya ji sanyi har cikin ransa, ya ce ai ga shi nan, ƙishirwa suke ji.

Inna ta fito shanya ta gan shi.

"Malam, ba yarinyar nan ta ce kada a ba su ba?"

"Ba ban ruwa nake ba, yayyafi ne."

"Yayyafin da bokiti?"

Ya ce ta je ta ji da tukunyarta, shi bai taɓa shiga ɗakin girki ya koya mata sa gishiri ba. Ta ce gaskiya ne, amma ita in mai miya ta ce kada a sa, ba ta sawa. Ta shige ciki tana girgiza kai.

Yayyafi ya zama na safe da yamma. Ya nemo tsohon gwangwaninsa mai huji, ya wanke tsatsar. Rabon da ya ji daɗin safiya irin haka har ya manta: ya ɗage leda, ya bi layi yana shayarwa, ya tsaya ya yi tarinsa, ya ci gaba, ya mayar da leda ya danne da duwatsu yadda ya same ta. In Auta ta bugo waya ta tambayi bulo, ya ce suna nan lafiya, ana kula da su. Bai ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Yana ganin ranar da injin gwaji zai matsa bulon ya kasa fasawa, sai ya ja ta gefe ya gaya mata sirrin, su yi dariya tare.

Bayan wani lokaci ya ga fari-fari yana fitowa a jikinsu, kamar gishirin da gumi ke bari a riga. Ya shafa da yatsa, ya ji yana ɗan cizo. Ya ce datti ne, ya ƙara ruwa ya wanke. Washegari farin ya dawo ya fi na jiya, ya sake wankewa. Daga nan ne gabansa ya fara faɗuwa, amma ya yi ta ba kansa haƙuri, ya ce sabon abu ne, kowane bulo da halinsa.

Masu bulo suna da gwajinsu tun kafin a ƙera inji. Ka ɗauki cokalin gini ka ƙwanƙwasa: bulon da ya nuna ƙara yake, wanda bai nuna ba gum yake yi. Maibulo ya yi ta ɗaga ranar, har wata safiya ya ɗauko cokalin ya tsuguna a layin farko. Ya ƙwanƙwasa, ya ji gum. Ya matsa na gaba, gum. Ya bi layin har ƙarshe yana fatan ko ɗaya zai amsa. A na ƙarshen ya sa farcen babban yatsa a kusurwa, sai ta marmashe masa a tafin hannu.

Ya tashi ya zagaya bayan rumfa don kada Inna ta ga fuskarsa. Can a kan tarin kwanon rufi ya hango gwangwanin da Auta ta cilla, ledarsa ta kode da rana, ba wanda ya ko kalle shi tun ranar. Ya jawo shi da sanda, ya yage ledar. Abin da ke ciki ya yi toka-toka mai duhu, sumul, ba fari ko ɗigo. Ya ƙwanƙwasa da cokali, ya yi ƙara kamar ƙarfe. Ya yanke gwangwanin ya fitar da shi, ya ɗaga ya maka da ƙasa, ya maka a kan dutse, ya ɗauko guduma. Gudumar ce ta yi tsalle.

Ya daɗe zaune a wurin da abin a cinyarsa. Alfahari ya cika shi da 'yar nan tasa da ta mayar da tokar shanya dutse, kuma baƙin ciki ya rufe shi, don ya san da hannunsa, safe da yamma, ya yi ta wanke hanyar dawowarta gida.

A ranar nan, da rana ta yi sanyi, Auta ta bugo wa Inna, muryarta cike da murna. Ta ce ƙarshen mako za su taho da motar kamfani, ita da manajansu, su kwashi bulon zuwa ɗakin gwaji. Manajan da kansa ya ce yana so ya ga filin. Kuma tunda ba motar haya ba ce, za ta taho da 'yarta, wadda ta hana kowa sakat sai an kai ta ta ga ko Kakan Cikin Waya yana da ƙafafu.

Inna ta ajiye waya ta hau shara da kakkaɓe katifa. Maibulo ya bari ta gama, sannan ya kira ta ya nuna mata marmashin da ke aljihunsa da dunƙulen da ya ƙi fashewa. Ta kalli wannan ta kalli wancan. Ya jira ta ce ai na faɗa maka, ya ma fi so ta faɗa, ba ta ce ba. Ta zauna a bakin gado, tsintsiya a hannunta.

"Kada ka gaya mata yanzu," in ji ta a hankali. "Ka bari su zo. Abin da ya lalace ya lalace. Ni dai in goya jikata ko sau ɗaya."

Shi ma abin da zuciyarsa ke raya masa ke nan tun da ya ji maganar yarinyar. Ya ga kansa yana ɗaga ta sama, yana nuna mata baro da famfo, tana ja masa gemu. Ba sai ya yi ƙarya ba, shiru kawai zai yi na 'yan kwanaki. Amma da ya rufe ido sai ya ga wani abu kuma: Auta a gaban manajanta, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ɗage ledar da hannunta cikin gadara, farin nan ya bayyana layi-layi. Ya ga mutumin yana kallonta, yana kallon tsohon da ke tsaye a gefe. Ya san 'yarsa, ba za ta ce Baba ne ba. Za ta haɗiye ta ce lissafinta ne ya kuskure, a rubuta cewa ranar garinsu ba ta isa ba, magana ta mutu har abada.

Da safe ya fita filin da wayar, ya zauna a kan baro. Gabas ta ɗan yi duhu, iska mai ɗanshi tana kaɗa gefen ledar. Damina tana bakin ƙofa.

Bayan gaisuwa ya ce, "Auta, kada ki taho da mutumin nan. Na ba su ruwa."

Ya ƙara manna wayar a kunne. Yana jin ƙarar motocin birnin da bai taɓa zuwa ba.

"Sau nawa, Baba?"

"Kullum. Safe da yamma."

Ta yi wani sauti da ya kasa gane dariya ce ko kuka. Abin da ta fara cewa shi ne, "Da bokiti? Da wannan ƙirjin naka?"

Da faɗa ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya yi sauri ya ba ta labarin na cikin gwangwani, yadda ya yi ƙara, yadda guduma ta yi tsalle. Ya ce aikinta ba shi da aibu ko kaɗan, ranar ma ta isa har ta yi yawa, ta gaya wa manajan haka, ta ce wani tsoho ne mai taurin kai ya ɓata. In ana so ya faɗa da bakinsa, a ba shi mutumin a waya.

Ta ce ta yarda, ta ma ji daɗi da ya gwada. Amma kamfani ba ya kafa masana'anta a kan dunƙule ɗaya na cikin gwangwani, sai cikakken bugu. Sabon bugu kuma yana son rana mai zafi a jere, ga shi hadari ya fara haɗuwa. Za ta gaya musu gaskiya, ta roƙi a jira. Kafin nan motoci za su fara kwasar tokar zuwa birni, kuma ta san halin kamfani, in mota ta saba da hanya da wuya a juyo da ita. Bai tambaye ta zuwan ƙarshen mako ba, ita ta faɗa da kanta: tafiyar aiki ce, in babu bulon ɗauka babu mota, hutunta kuma ta cinye shi a zuwan da ta yi na kwaɓi.

Ya ce ba komai. Ya ce ta shafa masa kan yarinyar. Yana jin motsin Inna a bayansa, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baɗi, Baba," in ji Auta. "In bazara ta dawo zan sake roƙonsu. Ka ji? Baɗi."

"Allah ya kai mu."

Ya faɗi kalmar nan sau babu adadi a rayuwarsa, ga mai sayen bulo da mai gayyata da mai sallama a hanya, baki na faɗa zuciya na wani wuri. Bai taɓa jin nisan baɗi ba sai yau, kuma bai taɓa roƙon a kai shi da gaske ba sai yau.

Daga bakin ƙofa Inna ta ce amin, ba ta ɗago kai ba.